Kwamfutar da Ta Ƙi Mai Sammako

Hirosaki, tsakiyar Afrilu

Sumire,

Dusar ƙanƙara ta narke a cikin gari, saura ta kan dutse. Ina fata kina lafiya a Nagoya, kuma kina cin abinci na gaske, ba na cikin roba ba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da ta saba gunaguninta. Makon jiya na wanke kabarin mahaifiyarki na sa furanni. Ni kaɗai na je, ba sai na faɗa ba.

Ba don gaisuwa na ɗauki alƙalami ba. Ni ba na son waya, ke kuma ba kya ɗauka, to mun yi daidai. Matsala ce ta taso a ofis, kuma tunda an ce gyaran kwamfutocin kamfanoni shi ne aikinki, na ce bari karatun da aka yi miki ya yi rana sau ɗaya.

Farkon watan nan hedikwatarmu ta Sendai ta aiko wa reshenmu sababbin kwamfutoci. Kin san tsarina. Makullin ofis yana hannuna tun kafin a haife ki. Ni nake ɗaga ƙofar ƙarfe, ni nake ɗaga babban makunnin lantarki da ke bayan ƙofa, domin tun shekarar babbar girgizar ƙasa muke kashe komai da yamma, ba ma barin ko fitila ɗaya tana shan wuta a banza. Tsohuwar kwamfutata takan daɗe kafin ta farka. Kafin ta gama miƙa na share bakin shago, na goge injinan feshi da ke kan layi, na dafa ruwan shayi. Wannan sabuwar kuwa, kafin in cire kwat ta buɗe ido tana neman kalmar sirri. Ni kuma ba na barin aiki yana jirana, ko da inji ne. Sai in zauna in rubuta mata.

Sai ta ƙi. In sake, ta ƙi. A na uku ta kulle kanta, kuma babu mai buɗe ta sai Sendai, su kuwa ba sa ɗaukar waya sai tara ta yi. Haka zan zauna ina kallon sauran ma'aikata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya danna tasa ta buɗe kamar ƙofar gidan ubansa. Yarinyar da ke amsa waya a Sendai har ta san muryata. Jiya ko gaisuwa ban gama ba ta kira ni da sunan gidanmu ta ce, “Kasai-san, yau ma an manta?”

Ban manta ba. Ban taɓa mantawa da komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai, yanzu lokacin da kwamfuta ta karɓi mutum shi ake rubutawa a matsayin lokacin zuwansa aiki. Ke nan ni da nake buɗe ƙofa, ni ne makararre a takardar Sendai kullum. Kin kuma san tun da na kai shekarun ritaya, shekara-shekara ake sabunta mini aiki, a ƙarshen Satumba.

Duk lokacin da ta ƙi ni, wani rubutun Turanci yana fitowa a ƙasa. Na kwafa miki shi harafi-harafi a bayan takardar nan. Ki duba ki gaya mini abin yi, kada ki ja lokaci.

Mahaifinki,
Mitsugu

*

Nagoya, ƙarshen Mayu

Baba,

Zafi ya fara shigowa nan. Lafiyata ƙalau, abincin roba bai kashe ni ba tukuna. Ka riƙa ɗaure gwiwar in za ka hau tudun maƙabarta.

Wasiƙarka ta iso tuntuni, aiki ne ya yi mini yawa. Kai ka koya mini cewa aiki yana gaba da iyali, don haka na san ba za ka ji haushi ba.

Na karanta, har bayan takardar. Ga shawarata: ka daina sammako. Ka je ofis lokacin da kowa yake zuwa, ka zauna lokacin da kowa yake zama. Shekarunka sun wuce na tseren buɗe ƙofa, kuma ban taɓa jin an ba wani lambar yabo don ya riga tsintsiya zuwa aiki ba.

Shi ke nan abin da nake da shi.

Sumire

*

Hirosaki, tsakiyar Yuni

Sumire,

Furannin tuffa sun zube, manoma sun shiga rage 'ya'ya, shago ya cika da masu kawo gyara. Gwiwa da sauƙi. Na ji daɗi da abincin roba bai kashe ki ba.

Na tambaye ki magani kin aiko mini da zagi. Wata ɗaya da rabi ina leƙa akwatin wasiƙa, sai ga layi huɗu, kuma duk a kan sammakona. Na san inda kika dosa, ba yau kika fara ba. To ki sani, sammakon da kike rainawa shi ya ciyar da ke har kika yi bakin rainawa. Ba zan shigo ofis a bayan yaran da na koya wa ɗaura lakataya a wuya ba. Na ma ƙara sammako, don in samu natsuwa in rubuta kalmar a hankali ba wanda yake kallona. Da yatsa ɗaya nake dannawa yanzu. Na rubuta ta a cikin tsintsiyar hannuna, ƙarƙashin agogo, duk da doka ta hana. Ina kallonta ina kwafa, amma ta ƙi.

Ran Litinin, a taron safe, muna tsaye a layi mun gama karanta taken kamfani, sai Manaja Ogasawara ya ɗaga wata takarda. Wannan yaron ni na koya masa miƙa katin suna da hannu biyu.

“Albishirinku,” in ji shi, “reshenmu ya zo na ɗaya a duk arewa. A yawan kiran Sendai don buɗe kwamfuta. Kasai-san, ko za ka ce wani abu ga jama'a?”

Na fito gaba na sunkuya na ba da haƙurin damun kowa. Da Sendai suka buɗe, sai ya ce wa Tsushima, matar da ke kula da kayan gyara, ta zauna a kujerata ta gwada, ni kuma in faɗa mata kalmar. Na faɗa a gaban kowa. Ta danna da faratanta masu fenti, nan take ta buɗe.

“Laa, ga shi kuwa!” in ji ta. “Kasai-san, ko dai fuskarka ce ba ta so da sassafe?”

Aka yi dariya, har da direban da ya kawo kaya. Ni ma na yi, don ban san abin da zan yi da bakina ba. Kunya ta hana ni cin abincin rana, na kai shi gida yadda na zo da shi.

Sau ɗaya ta karɓe ni da sassafe tun da aka kawo ta. Ranar, ina ɗaga makunni ke nan sai ga tsoho Kudo da injin feshinsa a bayan mota, ya tsare ni a bakin ƙofa da dogon bayani a kan bututun da ya toshe. Da na rabu da shi na zauna, bugu ɗaya ta buɗe. Na yi ta tunanin me ya bambanta ranar, sai na tuna daren na yi barci sosai, kuma na ci gasasshen kifi da safe. Tun daga nan kullum kifi nake ci. Bai sake yi ba.

Ki bar maganar sammako, ki amsa abin da na tambaye ki.

Mahaifinki

*

Nagoya, Yuli

Baba,

Damina ta ɗauke, gari ya zama tanda. Ina lafiya. Ka riƙa shan ruwa, tsofaffi ba sa jin ƙishi sai sun faɗi.

Na karanta labarin kifi sau biyu. Baba, kai da kake cewa camfi na marasa aikin yi ne?

Bari in jera maka abin da ka rubuta da hannunka. Kalma ɗaya ce, kai ka danna ta ƙi, wata ta danna ta buɗe. Kana rubutu a jikinka don kada ka manta. Wata rana abu ya yi, wata rana ya ƙi, kuma ba ka san dalili ba. Da wani ne ya kawo maka wannan labari a kan ma'aikacinka, me za ka ce? Na san abin da za ka ce, don na ji ka faɗa a kan mutane da yawa a bakin tebur: wanda kansa ya fara yoyo ya ba da wuri.

Mahaifiyar wata abokiyar aikina haka ta fara, rana mai kyau, rana marar kyau. Akwai sashen masu mantuwa a babban asibitin garinku, na san ka san hanya. Hawa ɗaya ne ƙasa da ɗakin da Mama ta kwanta. Ka tuna ɗakin ai, ko da yake ba ka cika zama a cikinsa ba. Ni ce na zauna. Ni ce kuma nake ciki da safen da ka duba agogo ka ɗauki kwat ka ce, “Wa zai kunna musu wuta?”

Shawarata tana nan yadda na ba ka ita a watan Mayu. In ba ka so, ga likita.

Zan duba ko zan samu zuwa bikin Obon, na tarbar ruhin mamata a Agusta. Kada ka sa rai sosai.

Sumire

*

Hirosaki, bayan Obon

Sumire,

Iskar yamma ta fara sanyi. Ina fata zafin Nagoya ya sassauta miki. Jikina lafiya, ina ji.

Na kunna wutar tarbar mahaifiyarki a ƙofar gida, na dafa kabewar da take so. Na je tasha ranar farko da ta biyu, ko za ki sauko. Ba komai, na san aiki.

Na je wurin likitan. Yaro ne mai ladabi. Ya ce in zana agogo, na zana. Ya faɗa mini sunayen abubuwa ya ce in riƙe, ya ɗauke mini hankali da lissafi, sannan ya ce in maimaita. Sumire, ɗaya ya ɓace mini. Ina ganinsa a raina kamar mutum a cikin hazo, amma bakina ya kasa kamo shi. Likita ya ce tsoro ma yana sa haka, hoton kaina bai nuna wani abu ba, in dawo bayan kaka. Amma na ga ya rubuta wani abu, ya kare da hannu.

Tun daga ranar ban yarda da kaina ba. In na fita sai in koma in taɓa murhu. In na kulle gida sai in dawo daga bakin titi in girgiza ƙofa. Na ajiye tuƙi, da keke nake zuwa aiki, kada in taka ɗan wani. Shekaranjiya na tsaya a gaban hoton mahaifiyarki ina faɗin sunanta da ƙarfi, Fumie, Fumie, don in tabbatar yana nan. Ina jin tsoro. Ban taɓa rubuta wannan kalma ga kowa ba.

Manaja ya kira ni ɗakin baya, ya zuba mini shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba.

“Kasai-san,” ya ce, “kamfani ba zai manta da doguwar hidimarka ba. Mu dai lafiyarka muke ji. Ba gara mutum ya sauka da ƙafarsa ba, da a sauke shi?”

Ya turo mini takardar ajiye aiki, ya ce ba gaggawa, in kawo ta da hatimina kafin tsakiyar Satumba. Tana nan a kan tebur, na ɗora mata kofi don kada iska ta ɗauke ta.

Na yi miki faɗa a wasiƙar baya, ki bar shi ya wuce. Abu ɗaya nake roƙo, kuma ban saba roƙo ba. Ke kika san injinan nan. Ki sake duba rubutun da na kwafa miki, ki gaya mini gaskiya: zai yiwu laifin injin ne? In akwai ko ƙanƙanin zato, zan riƙe makullina in tsaya a kan ƙafata. In kuwa kin ga babu, ba sai kin wahalar da kanki da neman kalmomi masu taushi ba. In ban ji daga gare ki ba, na gane, zan buga hatimin.

Mahaifinki

*

Hirosaki, farkon Oktoba

Sumire,

An fara tsinkar tuffa. Lafiyata ƙalau, ƙalau ɗin gaske, kuma yanzu zan gaya miki yadda aka yi na sani.

Na jira amsarki har ranar ƙarshe. Mai kawo wasiƙa ya wuce bai tsaya ba, na shiga ciki na buga hatimi. Washegari na miƙa takarda, na miƙa makulli. Manaja ya ba Tsushima, ya ce ita za ta riƙa buɗewa, ni kuma in ƙarasa sauran kwanakina ina zuwa tare da kowa.

Ran Litinin na zo tare da kowa, karo na farko a rayuwata. Na tarar da wuta a kunne, wani ya share bakin shago, bai ma share da kyau ba. Na zauna na danna kalmata ba tare da na duba hannuna ba. Ta buɗe. Na ɗaga kai, sai ga Tsushima a tsaye da waya a kunne, fuskarta ja wur, tana jiran Sendai su ɗauka. Tata ta kulle.

Talata haka, Laraba haka. Tawa tana buɗewa, tata tana kullewa. Ba wanda ya ce mata ko fuskarta ce ba a so. Ran Alhamis Manaja ya sa aka turo mai gyara daga Sendai, abin da bai taɓa yi mini ba cikin wata shida.

Mutumin bai ko cire jakarsa daga kafaɗa ba. Ya sa aka kashe babban makunni aka sake ɗagawa, ya karanta rubutun Turancin, ya yi dariya.

“Wai har da akwatin netwok kuke kashewa da yamma?” ya ce. “Ai ga shi ta faɗa muku da bakinta. Cewa take ba ta samu hanyar zuwa Sendai ba, balle ta tambaya ko kalmar daidai ce. Ita tana tashi nan take, akwatin kuwa sai ya ɗan jima. Duk wanda ya danna kafin fitilar akwatin ta zama koriya, ko shugaban kamfani ne, sai ta ƙi shi.”

Ya nuna wani akwati a saman kabad, wanda nake goge wa ƙura duk Juma'a. Ya cire wayar akwatin daga layin babban makunni ya mayar da ita soket ɗin firji, wanda ba a kashewa. Ya shiga cikin kwamfutocin ya sa musu umarni su riƙa jiran netwok kafin su nemi kalmar kowa. Ruwan shayin da aka ɗora masa bai tafasa ba ya gama.

Na bi shi har mota. Na ce, “Ɗana, wannan rubutu, sai gwani ne zai gane shi?”

“Haba Baba,” ya ce, “duk wanda ya yi wata ɗaya a aikin nan, kallo ɗaya zai yi masa.”

Ke shekararki nawa a aikin?

Na koma wurin Manaja. Ya sunkuya, ba can ƙasa ba, ya ce abin takaici ne ƙwarai, amma takarda ta riga ta wuce Sendai, an ma ba wani gurbina, kuma in aka tayar da maganar reshe ne zai ji kunya. Ranar ƙarshe suka ba ni furanni, aka tafa.

Ban zargi Ogasawara ba, shi jahilci ne ya yi masa yawa. Ke kuwa kin juya bayan takarda tun Afrilu kin gani. Kin bar ni ina rubutu a fatata. Kin karanta labarin tsoho Kudo, kin san abin da ya faru a ranar, kika aike ni wurin likitan masu mantuwa. Na roƙe ki, kika yi shiru, kin kuma san abin da shirun zai sa in yi. Na sha jin ana cewa ni mutum ne mai taurin zuciya. To barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai ke kin wuce ni, don ni ban taɓa zama na tsara muguntata ba.

Har yanzu ina farkawa kafin gari ya waye. In sa kaya, in ɗaura lakataya, sannan in tuna. Ki gaya mini me na yi miki da ya kai wannan.

Mitsugu

*

Nagoya, Oktoba

Baba,

Sanyi ya kusa sauka wajenku, ka fito da bargo mai kauri. Na ji daɗi da kanka lafiya yake. Dama ban taɓa shakka ba.

E, na gani tun Afrilu, kafin in cire takalmi. Kuma ban ɓoye maka magani ba. Ka ɗauko wasiƙata ta Mayu ka sake karantawa. Da ka bi ta kwana ɗaya tak, da ka je aiki tare da mutane sau ɗaya, da yanzu makullinka yana aljihunka. Na san ba za ka bi ba, shi ya sa na ba ka ita haka, ba dalili. Ina so in ga ko akwai ranar da wani na gidanka zai ce maka ka dakata, ka dakata don shi ya faɗa kawai.

Ka tambayi me ka yi. Da safen ranar nan a asibiti, da ka ɗauki kwat, Mama ta yi magana. Ba ka ji ba, kana neman makulli a aljihu. Cewa ta yi, “Ka ɗan jira.” Na bi ka har bakin lif na faɗa maka, ka ce in gaya mata za ka dawo da rana. Da na koma ɗaki na tsaya a taga, ina ganinka kana goge dusar ƙanƙara daga gilashin mota. Ba ka gama gogewa ba ta cika. Ban buga maka waya ba sai da tara ta yi, don na san kafin nan kana da shara da dafa ruwa.

Abin da injin ya nema a wurinka bai fi abin da ta nema ba. Shi ma ka hana shi sau uku kowace safiya.

Yanzu ba wanda yake jiran ka kunna masa wuta. In ka farka gobe ka ɗaura lakatayar, ka je gaban hotonta ka zauna. Ka ɗan jira.

Sumire